Tarihin Agatha Christie, Gwanar Labaran Binciken Laifi

 Yau tarihin wata Baturiyar Ingila na kawo muku, wadda ta rasu tun cikin shekarar 1976, amma har yanzu littattafanta ba su bar hannun masu karatu ba. Sunanta Agatha Christie. Wataƙila waɗansunku sun taɓa ganin wannan suna a bangon wani littafi a laburaren makaranta, ko a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ba tare da sun san ko wace ce mai sunan ba.

Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne, da yawa daga cikinmu sun ɗauka karatun ƙagaggen labari aikin wadda ba ta da aikin yi ne. Yarinya ta ɗauki littafin hira, sai a ce ta ajiye ta je ta yi abin kirki. To, ga wata mace wadda karatun labarai shi ne makarantarta ta fari, kuma ranar da aurenta ya mutu, abin da ta koya daga wannan karatu shi ne ya riƙe ta, ita da 'yarta. Sai ku biyo ni ku ji yadda aka yi.

Ƙuruciyarta

An haifi Agatha ran 15 ga watan Satumba, 1890, a wani gari na bakin teku da ake kira Torquay, a kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinta, Frederick Miller, mutumin Amurka ne mai rufin asiri, mahaifiyarta kuwa sunanta Clara. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku. An kai yayyenta makarantar kwana, amma ita aka bar ta a gida, domin mahaifiyar tana ganin bai kamata yaro ya fara karatu ba sai ya kai shekara takwas. Yarinyar ba ta jira ba. Saboda tsananin son labaran da ake karanta mata, sai ta riƙa bin kalmomin da ido ana karantawa, har ta koya wa kanta karatu tun tana wajen shekara biyar. Daga nan mahaifinta ya riƙa koya mata lissafi, ita kuwa ta duƙufa a kan littattafan da ke gidan.

Tana da shekara 11 mahaifin ya rasu, a 1901, ya bar su ba wani abin hannu na kirki, don dukiyarsa ta riga ta lalace. Da ta zama budurwa aka kai ta birnin Faris na ƙasar Faransa ta koyi kiɗan fiyano da waƙa, da fatan za ta yi sana'a da su. Amma kunya ta yi mata yawa, ba ta iya tsayawa gaban jama'a, muryar kuma ba ta kai yadda ake so ba, ala tilas ta haƙura. Ta gwada rubuta gajerun labarai tana aika wa mujallu, suna dawo mata da su. Ta rubuta dogon labari guda a kan birnin Alƙahira, inda ta taɓa zama ita da mahaifiyarta, shi ma masu buga littattafai suka ce ba sa so.

Aure da yaƙi

Ran 24 ga watan Disamba, 1914, ta auri wani hafsan soja matuƙin jirgin sama, Archibald Christie, kuma sunansa ne ya bi ta har yau. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, saboda haka ko amarci ba su gama ci ba ya koma fagen fama a Faransa. Agatha ba ta zauna tana tagumi ba, sai ta shiga aikin sa-kai na jiyyar sojoji a asibitin garinsu, tana wanke raunuka tana kwashe ƙazanta. Daga baya aka mai da ita ɗakin haɗa magani, a 1917 kuma ta ci jarrabawar aikin disfensa. A nan ta san magunguna ciki da waje, ta san wanda ke warkarwa, ta san awon da in aka zarce shi magani ya zama guba.

Yayarta Madge ta taɓa ce mata ba za ta iya rubuta labarin binciken laifi ba, don yana da wuyar sha'ani. Maganar nan ta tsaya mata a rai. A shekarar 1916, duk lokacin da aiki ya lafa a ɗakin magani, sai ta riƙa ƙulla labarin wata tsohuwa mai dukiya da aka kashe da guba a cikin gidanta. Saura wanda zai gano mai laifin. A zamanin nan akwai 'yan gudun hijira daga ƙasar Beljiyam da yaƙi ya koro zuwa garinsu, sai ta ƙago wani tsohon ɗan sandan Beljiyam, gajere, mai gashin baki, mai tsananin son tsabta da tsari, ta sa masa suna Hercule Poirot. Sunan littafin The Mysterious Affair at Styles.

Kamfanoni da dama suka ƙi shi. Ya daɗe a ajiye a wani kamfani har ta kusa mantawa da shi, ta haifi 'yarta Rosalind a 1919, sa'an nan aka kira ta aka ce za a buga. Ya fito a 1920. Murna ta sa ta sa hannu a takardar yarjejeniya ba tare da ta auna abin da ke ciki ba. Ashe takardar ta ɗaure ta sai ta ba kamfanin waɗansu littattafai biyar, kuma ba za ta sami ko kwabo daga cinikin na farkon ba sai an sayar da kwafi 2,000. Abin da ya shigo hannunta a lokacin fam 25 ne kacal. To, ku lura da wannan, 'yan'uwa. Kada ɗoki ya sa ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba ki karanta kin fahimta ba. Ita dai ta koyi darasi, tana cika alkawarinta ta koma wani kamfani, ta kuma sami wakili mai kula mata da haƙƙinta.

Shekarar baƙin ciki

A shekarar 1926 ne ta fito da The Murder of Roger Ackroyd, littafin da ya sa sunanta ya kai ko'ina, domin ƙarshensa ya zo wa masu karatu da abin da ba su taɓa zato ba. Amma a wannan shekarar ce kuma duniya ta yi mata zafi. Cikin watan Afrilu mahaifiyarta ta rasu. Ta koma gidansu tana kwashe kayan marigayiya, ba ci ba barci. Ba ta gama wannan juyayi ba, cikin watan Agusta mijin ya zo ya gaya mata ya ga wata yana so. Kun san dokar ƙasarsu ba ta yarda namiji ya ajiye mace biyu ba, saboda haka ma'anar maganarsa ita ce ta ba shi wuri.

Daren 3 ga watan Disamba ta shiga motarta ta fita, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Da gari ya waye aka tsinci motar a bakin wani rami a yankin Surrey, ba kowa ciki. 'Yan sanda da dubban jama'a suka bazama nema cikin daji da tafkuna, jaridu kuwa suka sami abin faɗa, har aka fara zargin mijin. Sai bayan kwana 11 aka same ta a wani otal a garin Harrogate, can arewacin Ingila, ta rubuta wani suna daban, wanda ya haɗa da sunan dangin matar da mijin yake so. Likitocin da suka duba ta suka ce hankalinta ne ya gushe har ta manta ko ita wace ce. Waɗansu mutane suka ce da gangan ta yi don ta kunyata mijin. Ita kuwa da ta zo rubuta tarihin rayuwarta ba ta ambaci kwanakin nan ba ko kaɗan.

Auren ya mutu a 1928, ba a jima ba mijin ya auri waccan. Ku dubi halin da take ciki a lokacin: shekarunta 38, ba uwa, ba uba, ba miji, ga yarinya 'yar shekara tara da za a ciyar a kuma biya wa kuɗin makaranta. Da can tana ɗaukar rubutu abin sha'awa ne kawai, kamar yadda wata ke yin saƙa in ta gama aikin gida. Yanzu ya zama shi ne tukunyarta. Ta zauna ta gama littafin da ta fara, The Mystery of the Blue Train, alhali zuciyarta ba ta so, kuma ita da kanta ta nuna daga wannan littafi ne ta san ta zama mai sana'a, watau wadda ke yin aikinta ko da daɗi ko ba daɗi. Ba na yi wa kowa fatan mutuwar aure, Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Amma ba wadda ta san gobe, kuma abin da ke cikin kanki da abin da hannunki ya iya, ba wanda zai ƙwace miki su ranar rabuwa.

Sabuwar rayuwa

A ƙarshen 1928 ta hau wani mashahurin jirgin ƙasa mai suna Orient Express ita kaɗai zuwa Santambul, daga can ta wuce Bagadaza, har ta kai kufan tsohon birnin Ur a ƙasar Iraƙi, inda ake cewa nan ne mahaifar Annabi Ibrahim, Alaihis Salam. A can ta tarar da masu tonon kayan tarihi suna aiki, abin ya ba ta sha'awa ƙwarai. Da ta sake komawa a 1930 ta gamu da wani saurayi cikinsu, Max Mallowan, wanda ta girme shi da shekara 13 da 'yan watanni. Mutane suka yi ta surutu, amma aka ɗaura aure cikin watan Satumba na shekarar, suka kuwa zauna shekara 45, sai mutuwa ce ta raba su.

Ta riƙa bin sa wuraren aikinsa, kamar Ninawa, garin Annabi Yunusa, kusa da Mosul, da Chagar Bazar da Tell Brak a ƙasar Siriya, da kuma Nimrud, inda suka fara aiki a 1949. Ba zaman 'yar kallo ta yi ba. Ita ke ɗaukar hotunan abubuwan da aka tono, tana jera su tana rubuta bayaninsu, har takan goge sassaƙen hauren giwa masu shekaru fiye da 2,500 da man shafawarta na fuska. Duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba. Shekaru da yawa ba ta da wani ɗaki na musamman don rubutu, duk inda ta sami tebur wanda ba ya girgiza sai ta ɗora keken rubutunta. Dabarun labaran kuwa a irin littattafan rubutun nan na 'yan makaranta take tara su, wani lokaci ma shafi ɗaya da lissafin cefane, an kuwa sami guda 73 a gidanta bayan rasuwarta. Daga tafiye-tafiyen nan ne ta samo Murder on the Orient Express a 1934, da Murder in Mesopotamia a 1936, da Death on the Nile a 1937.

Akwai kuma wata tauraruwa da ta ƙago wadda na san za ta burge ku, watau Miss Marple, wadda ta fara fitowa a wani gajeren labari a 1927. Wata 'yar tsohuwa ce a ƙauye, ba ta taɓa aure ba, kullum tana zaune da saƙarta, 'yan sanda suna yi mata kallon ba ta san kome ba. Alhali kuwa ta ƙare rayuwarta tana lura da halin mutanen ƙauyensu, da an kawo mata labarin wani sai ta tuna da mai irin halinsa, ta haka take gano mai laifi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Agatha ta ɗauko wani abu na halin wannan tsohuwa daga kakarta da ƙawayen kakar, waɗanda ta riƙa sauraron hirarsu tana yarinya.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ta koma aikin haɗa magani a wani babban asibiti a Landan, ana ruwan bama-bamai. Don gudun kada ta mutu ta bar iyalinta hannu rabbana, ta rubuta littattafai biyu, Curtain da Sleeping Murder, aka kulle su a banki, ɗaya na 'yarta ɗaya na mijinta. Ba a buga su ba sai a 1975 da 1976. Wasan kwaikwayonta mai suna The Mousetrap kuwa, an fara nuna shi a Landan cikin Nuwamba 1952, aka yi ta nunawa ba fashi har watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa, kana aka ci gaba a 2021. Ribar wasan nan kyauta ta ba jikanta tun yana ɗan shekara tara.

Jimlar dogayen labaran binciken laifi da ta rubuta 66 ne, da kundin gajerun labarai 14, ban da waɗansu guda shida na zaman duniya da ta fitar da sunan aro, Mary Westmacott. An ƙiyasta an sayar da littattafanta wajen kwafi biliyan biyu, an kuma fassara su cikin harsuna fiye da 100. A 1971 Sarauniyar Ingila ta ba ta babbar lambar girma. Ta rasu ran 12 ga watan Janairu, 1976, a gidanta da ke Wallingford, tana da shekara 85.

Me za ki samu a littattafanta?

Wata uwa za ta ce, yaya za a ba yarinya labarin kisan kai ta karanta? Tambaya ce mai kyau. Amsa ita ce, Agatha ba ta ɓata lokaci wajen kwatanta jini ko batsa. Labarinta kamar kacici-kacici ne, sai dai mai shafi wajen 200. An yi laifi a wani gida ko a cikin jirgi, mutanen wurin ba su da yawa, kowa kuma yana da abin da yake ɓoyewa. Duk alamun da mai bincike ya gani an nuna miki su, sai dai an cusa su cikin hira yadda idonki zai wuce ba ki kula ba. Galibi kuma mai laifin na gida ne, abin da ya ja shi kuwa kwaɗayin gado, ko kishi, ko tsoron tonon asiri, kuma kusan kullum ƙarshensa ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai irin wannan karatu tana koyon sauraro da lura, da rashin yanke hukunci a kan mutum don kyan fuskarsa ko daɗin bakinsa.

Karatun nan ya taɓa ceton rai. A 1977 aka kawo wata yarinya 'yar wata 19 daga ƙasar Katar zuwa asibitin Hammersmith a Landan, tana ta ƙanjamewa, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata nas da ke jiyyarta tana karanta littafin Agatha mai suna The Pale Horse, na 1961, wanda ya bayyana alamun wata guba da ake kira taliyam, har da zubewar gashi. Ta ga alamun sun yi daidai da na yarinyar, ta gaya wa likita. Aka gwada aka tarar haka ne, aka yi magani, yarinya ta tashi.

Sai dai ki karanta da idonki a buɗe. Agatha 'yar zamanin mulkin mallaka ce, kuma a waɗansu littattafanta za ki ci karo da raini irin na Turawan lokacin ga Larabawa da Yahudawa da baƙar fata. Littafinta da ya fi kowanne ciniki, And Then There Were None, na 1939, sunan da ya fara fitowa da shi a Ingila yana ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata, daga baya aka sake shi. Ki ɗauki gwanintarta, ki bar mata wannan.

In Ingilishinki ya yi tsatsa don an daɗe da barin makaranta, fara da The Thirteen Problems, na 1932, gajerun labarai ne guda 13 na Miss Marple, kowanne za ki iya gama shi kafin tuwo ya nuna. In kin saba, ki nemi Death on the Nile ko Murder on the Orient Express. The Murder of Roger Ackroyd kuwa ki bar shi sai kin karanta uku ko huɗu, a lokacin ne za ki fi jin daɗin dabarar da ke ciki. Ki ajiye fensir da 'yar takarda kusa, ki rubuta sunayen mutanen labarin da abin da kowa ya ce ya yi a lokacin da abin ya faru. Kafin babi biyu na ƙarshe ki tsaya ki rubuta wanda kike zargi da dalilinki. Kada ki leƙa ƙarshen, kada kuma ki gaya wa wadda ba ta karanta ba. Ba sai kin buɗe ƙamus a kan kowace kalma ba, ki ci gaba, ma'ana za ta fito da kanta.

Ku 'yan makaranta, sai an gama aikin gida da wanda malamai suka bayar tukuna, kuma ban da ɓoye littafin labari a ƙarƙashin tebur ana cikin darasi. Ke kuma uwargida, in ba ki karanta Ingilishi, ki sa 'yarki ta karanta babi guda da rana, da dare ta ba ku labarin da Hausa, ke da abokiyar zamanki da yara ku yi ta gardamar ko wane ne mai laifin. Ita Ingilishinta da Hausarta za su ƙaru, ke kuma kin san abin da 'yarki ke karantawa. Wadda kuma ta ji tana da labari a ranta, littafin rubutu da fensir ba su fi ƙarfinta ba, da su Agatha take ƙulla nata.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya shirya mana zuriya.